Shirin Wannan Mako: Lanƙwasar Ƙ Tana da Lambarta a Cikin Wayarka

Yau zan fara da wani saƙo irin wanda ke yawo kullum a WhatsApp tsakanin masu shaguna da yaransu a Kantin Kwari: "Ka bata atamfar." To, me maigida yake nufi? A miƙa wa Hajiya turminta, ko faɗa yake yi an lalata masa kaya? Lanƙwasa ɗaya ce a kan b za ta raba gardamar.

Bari in yi muku bayanin yadda waya ke ganin abin. Ita ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Akwai tsarin da ake kira Unicode, wanda ya bai wa kusan kowane harafi na duniya lambarsa. Harafin k lambarsa 107, ƙ kuwa 409 ne. Ɗ ƙarami 599, ɓ 595, ƴ 436. Wato a wajen na'ura, k da ƙ ba su haɗa komai ba. Kuma haruffan nan namu suna ciki tun farkon shekarun 1990.

To me ya sa muka saba yar da su? Na farko, tsofaffin wayoyi ba su da maɓallinsu. Na biyu, kuɗi. Tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ka sa ƙ guda ɗaya, sai wayar ta koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kacal, a caje ka kuɗin saƙo biyu ko uku. Ɗan kasuwa kuwa ba ya son asara. Sai wasu suka koma rubuta k', wasu 'k, wasu k zalla.

Don ku ga inda irin wannan rarrabuwa ke kai mutane, mu leƙa jihar Kerala a kudancin Indiya, inda ake rubuta harshen Malayalam. Suna da wasu haruffa da suke kira chillu, wato baƙin da ba wasali a bayansa. A da, sai an haɗa lambobi uku kafin ɗaya ya fito: baƙin, da alamar kashe wasali, da wata alama da ido ba ya gani. Idan manhaja ta share marar ganuwar nan, kalmar da ke nufin "shi" sai ta rikiɗe ta zama "gare shi". A 2008 aka bai wa shida daga cikinsu lambar kansu. An samu sauƙi, amma sai kalma ɗaya ta zama tana da rubutu iri biyu. A fuskar waya kamanninsu ɗaya, amma ka nemi wannan a bincike, wancan ya ƙi fitowa.

Mu ma muna da irin wannan. A Najeriya ana rubuta 'ya'ya, a Nijar ƴaƴa. Idan ka ajiye lissafin bashi da "k'ari", yaronka ya nemi "ƙari", a manhajoji da yawa ba zai gan shi ba.

Saboda haka shawarata ita ce: ku shiga saitin Gboard, ku ƙara Hausa cikin harsuna. Minti biyu ya isa. A WhatsApp da Facebook ba a cajin ku don kun sa lanƙwasa. Kuma duk shagon da ke ajiye lissafi a waya, a tsayar da rubutu iri ɗaya, kowa ya bi.

Ku rubuto mana kalmar da rashin lanƙwasa ta taɓa jawo muku rigima. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.