Ƙoda ba ta kuka: jawabin da na yi wa matasa a Malbaza



Bari in fara da kawuna. Shekara goma yana fama da ciwon sukari. In ya ji sauƙi sai ya aje magani, in jiki ya yi tsami sai ya sayi diclofenac hannun masu tallar magani a kasuwa. Ranar da ƙafafunsa suka kumbura muka kai shi asibiti, likita ya ce ƙoda ta riga ta gaji. Wankin ƙoda ya kai mu Yamai, asibitin Lamorde, tafiyar sama da kilomita 400 daga nan. Awa huɗu a kan inji, sau biyu ko uku kowane sati. Gonarsa ta albasa ta tafi a kuɗin mota da masauki.

Ƙoda matata ce, kowace guda na da 'yan ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. Sukari in ya yi yawa cikin jini, sannu a hankali yake lalata su, hawan jini kuma ya ƙarasa aikin. Kusan mutum ɗaya cikin uku masu ciwon sukari na samun matsalar ƙoda. Abin tsoron, ba zafi, ba alama. Amma awon fitsari na iya nuna ƙoda ta fara yoyo shekaru kafin kumburi ya fito.

To mi za mu yi?

Duk mai ciwon sukari a gidanku, ku kai shi a auna mishi fitsari da jini sau ɗaya a shekara, ko a Galmi ne ko a Ƙonni. A riƙa auna tansiyo. Kar a aje magani don an ji sauƙi. A rage gishiri da dunƙulen miya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kar ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Ibuprofen da diclofenac, sai likita ya ce.

Mu ma a fada mu dubi kanmu. Shayi zagaye uku, sukari kamar an yi bashi!

Iyayenmu ba su Facebook, mu ne za mu kai musu saƙon. Wannan satin kowa ya tambayi baba ko inna: yaushe rabonki da awo? In ba amsa, ka tada babur ku tafi.

Allah ya ba mu lafiya.