Kittani: Zare da Mai Daga Shuka Ɗaya

Jama'a, yau za mu yi magana a kan wata shuka da ake kira kittani. Ba ma noma ta a nan, don ba ta son zafi. Amma akwai abin koyo a cikin labarinta.

Kittani yana kama da rama, sai dai bai kai ta tsawo ba. Furensa shuɗi ne. Daga ɓawon karansa ake samun zaren da ake saƙa lilin. Daga 'ya'yansa kuma ake matse man da ake haɗa fenti, a ba shanu tunkuzar. Mutanen Masar suna noma shi tun zamanin Fir'auna.

Kittani iri biyu ne. Na zare dogo ne, yakan kai ƙafa 3, ba ya rassa da yawa. Ana shuka shi a cunkushe, a tuge shi bayan kamar kwana 100. Faransa ce kan gaba wajen noma shi. Na mai kuwa gajere ne mai rassa, ana barinsa sai 'ya'ya sun ƙosa. Shi ake nomawa a Kanada, da Rasha, da Habasha.

To, ga inda wuyar take. In an jira 'ya'ya su ƙosa, zare ya yi kaushi. In an tuge da wuri don zare, 'ya'ya ba su cika ba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Amma malaman gona ba su haƙura ba. Sukan ɗebi garin furen dogon, su sa wa furen gajeren da hannu. Su shuka 'ya'yan da aka samu, su zaɓi masu tsawo da yawan 'ya'ya, su yar da saura. Haka za su yi ta yi shekara da shekaru. Ta wannan hanya Masar ta sami iri mai ba da zare da mai gaba ɗaya.

Mu ma muna iya zaɓe a gonar ramarmu. Kafin yanka, mu zaga mu duba. Mu ɗaura tsumma ga dogaye miƙaƙƙu marasa ciwo, mu bar su su ƙosa. Mu ajiye 'ya'yansu a busasshen wuri. Kada mu yanke masu kyau duka, mu bar ragowa ta zama iri. Wanda ya shuka ragowa, ragowa zai girba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.