Ƙurjin Ƙwaƙwalwa da Awon Maganaɗisu



A Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, da Boɗinga da Shagari, ba wanda bai taɓa ganin yaron da kunnensa ya daɗe yana zubar da mugunya ba. Sau da yawa akan ɗauke shi ƙaramin abu, alhali kuwa ƙwayoyin cuta na iya ratsa ƙashin kunne su shiga ƙwaƙwalwa, su tara mugunya a can. Wannan shi ne ƙurjin ƙwaƙwalwa. Alamunsa su ne ciwon kai mai tsanani, da zazzaɓi, da amai, wani lokaci har da farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki.

To, ga inda gizo ke saƙar. A hoton ƙwaƙwalwa, ƙurji da ƙarin ciwon daji wanda cikinsa ya ruɓe duk sukan fito kamar zobe, ga shi kuwa maganinsu ya sha bamban. Shi ƙurji, a zuƙe mugunyar a ba da maganin ƙwayoyin cuta, sai a warke.

Tun a 1946 Felix Bloch da Edward Purcell suka gano a Amurka cewa ƙwayar haidurojin, in an sa ta cikin maganaɗisu mai ƙarfi aka aika mata igiyar rediyo, takan amsa. Daga nan na'urar MRI ta samo asali. Amma amsar takan ɗan sauya gwargwadon sinadarin da haidurojin ke ciki, saboda haka na'urar na iya faɗin abin da ke cikin zoben ba tare da an tsaga kai ba. A mugunya akan sami amino asid, watau ragowar furotin da fararen ƙwayoyin jini suka narkar, da asitet da saksinet waɗanda ƙwayoyin cuta ke fitarwa. Ƙari kuwa yakan nuna yawan kolin a gefensa. In na tarin fuka ne, kitse ke rinjaye.

Sai dai fa awo ba ya amfanar wanda bai iso ba. Akwai cibiyar aikin tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kuma tafiyar ba nisa. Roƙona gare ku, musamman malaman makaranta da ma'aikatan lafiya, shi ne: yaro mai zubar kunne in ya fara kukan ciwon kai ko yawan barci, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gobe.

Allah ya ba mu lafiya.