Fanshon Wanda Ya Tafi Neman Arziki a Ƙasar Waje



A yau da wuya a sami unguwa a garuruwanmu da ba ta da ɗa ko 'ya a ƙetare: malaman asibiti a Ingila, direbobi da likitoci a Saudiyya, malaman jami'a a Amurka. Muna murna da abin da suke aikowa gida, amma ba mu cika tambayar abin da za su ci ba ranar da ƙarfi ya ƙare. Wannan tambaya ce ta tara mu.

Mu fara da gida. Dokar fansho ta 2004 ta kawo tsarin asusun ma'aikaci na kansa, sannan dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai ba shi aiki ya zuba kashi 10. Wanda ya ajiye aiki ya fita waje, kuɗinsa suna nan cikin asusunsa, amma zubin wata-wata ya tsaya daga ranar da ya tafi.

A can kuwa, kowace ƙasa da nata ƙa'idoji. A Saudiyya baƙo ba ya cikin tsarin fanshon tsufa na gwamnati. Abin da doka ta ba shi shi ne kuɗin sallama: rabin albashin wata ɗaya a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sai cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka. Wanda ya yi shekara 10 ke nan zai taso da albashin wata bakwai da rabi, kuma daga nan babu ƙari. A Ingila sai an yi zubin aƙalla shekara 10 kafin a sami wani abu daga fanshon gwamnati, cikakken rabo kuwa sai shekara 35. Wanda ya dawo Nijeriya za a ci gaba da biyansa, amma ba a yi masa ƙarin da ake yi wa mazauna can duk shekara. A Amurka ma sai an yi kusan shekara 10 ana zubi, kuma shekarun da mutum ya yi aiki a Nijeriya ba sa shiga lissafi.

Saboda haka mutum zai iya raba ƙuruciyarsa tsakanin ƙasashe uku, ya dawo Bungudu ko Tsafe da furfura ba tare da fansho ko ɗaya ba. Hausawa sun ce, da tsohuwar zuma ake magani.

Abin farin ciki, a shekarar 2025 hukumar fansho ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojin da suka ba 'yan Nijeriya mazauna waje damar zuba kuɗin fansho da dalar Amurka a asusunsu na gida.

Shawararmu uku ce. Kada ɗanmu ya sa hannu a takardar aiki sai ya san abin da za a yanke masa da abin da zai karɓa a ƙarshe. Ya adana takardun albashi da lambar asusunsa, ya kuma sanar da iyalinsa inda suke, domin magada. Mu kuma iyaye da 'yan uwa, mu rage ɗora musu ɗawainiya, mu bar su su yi wa kansu tanadi.