Jawabi Kan Rigimar Mayar Da Kuɗi Idan Kayan Oda Sun Yi Jinkiri

 Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu dattawa, da 'yan'uwa 'yan kasuwa.

Maganar da ta tara mu yau ita ce ta yaranmu masu talla a WhatsApp da Instagram. Yaro zai sa hoton takalma ko leshi ko kayan kicin, ya ce daga Guangzhou ko Dubai za su zo, a biya tukuna. Mutane su tura kuɗi. Wata biyu, wata uku, shiru. Sai mai saye ya ce a ba shi kuɗinsa, mai sayarwa ya ce ai kuɗi na cikin teku. Daga nan sai zagi, sai ofishin 'yan sanda, mu kuma sunan unguwarmu ne ke ɓaci.

Mu da muka tashi a cinikin goro da shanu mun san bashi da jira. Amma a da akwai maigida da dillali a tsakani, su ne ke tsayawa idan abu ya lalace. Cinikin waya ba shi da maigida.

Jinkirin nan sau da yawa ba ƙarya ba ne. Jirgin ruwa daga Sin zuwa Legas yakan ci fiye da wata guda a hanya, kafin nan ma sai an jira kwantena ta cika. In ta iso Apapa ko Tin Can, ga Kwastan, ga ejan mai fito da kaya. Kuma duk shekara, tsakanin Janairu da Fabrairu, masana'antun Sin kan rufe don bikin sabuwar shekararsu. To wanda ya san duk wannan, don me zai ce wa mace kayan auren 'yarta za su iso cikin sati uku? Nan ne laifin yake, a wajen alkawari.

Malamanmu sun karantar da mu cewa biyan kuɗi kafin kaya, wato salam, halal ne, amma da sharaɗi: a faɗi siffar kaya, da yawansu, da ajalinsu. In ajali ya yi kaya ba su samu ba, mai saye na da zaɓi, ko ya ƙara haƙuri ko ya karɓi abin da ya bayar. Dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018 ma ta ba shi damar soke oda, sai dai a cire ɗan abin da ya dace.

Inda abin ke da zafi shi ne canji. A Yunin 2023 gwamnati ta saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 700, farkon 2024 ta kai 1,500. Mai saye ya ga kayan sun ninka kuɗi, sai ya ce a biya shi da farashin yau. A'a. Naira ya bayar, naira zai karɓa, adadin da ya tura. Kai kuma mai sayarwa ba ka da ikon cewa ya ciko saboda dala ta hau bayan an gama ciniki.

Don haka muna roƙon ƙungiya ta amince da wannan: duk mai karɓar oda ya rubuta ranar ƙarshe a saƙo, ya ƙara sati uku a kan abin da ejan ya gaya masa, kuma kada ya taɓa ribarsa sai kaya sun shiga hannun mai su. In rigima ta taso, a kawo ta fada da risit da saƙonnin waya kafin a je ko'ina.