Wiwin Magani a Mishigan: Ina Iyakar Ikon Ƙaramar Hukuma?



A watan Nuwamba na 2008 masu zaɓe a jihar Mishigan ta Amurka suka kaɗa ƙuri'a, kusan kashi 63 cikin ɗari suka amince maras lafiyan da likita ya ba shaida ya yi magani da tabar wiwi. Ba halaccinta na zo karewa ba. A Nijeriya laifi ce, a dokar tarayyar Amurka ta 1970 ma an haramta ta. Tambayata ta tsarin mulki ce: idan jiha ta ba mutum haƙƙi, ƙaramar hukuma na iya ƙwace shi a fakaice da sunan tsara gari?

Dokar ta Mishigan ta yarda a yi wa mai jinya, wato mai kula da maras lafiya, rajista ya noma wiwi don marasa lafiya har 5, kowannensu shuka 12, da sharaɗin nomar ta kasance a rufaffen wuri mai kulle. Amma ba ta faɗi unguwar da wurin zai kasance ba, kuma daga wannan shirun rigima ta taso. A 2010 birnin Wayomin, kusa da Girand Rafids, ya sanya a dokarsa ta rabon filaye cewa duk amfani da fili da ya saɓa wa dokar tarayya haramun ne. Ba a ambaci wiwi ba, amma kowa ya san inda aka nufa. Wani maras lafiya, John Ter Beek, ya kai ƙara, kuma a Fabrairun 2014 Kotun Ƙolin jihar, baki ɗaya, ta rushe wannan doka: birni ba zai hukunta mutum kan abin da jiha ta ce kada a hukunta shi ba.

Ƙananan hukumomi sai suka sake dabara. Ta Bairon ba ta hana noma ba, cewa ta yi mai jinya ya yi shi a gidan da yake zaune, cikin unguwar zama, bayan ya karɓi izini ya biya kuɗi. Christie DeRuiter, wata mai jinya da ta kama haya a yankin kasuwanci don yin nomar, ta ƙalubalanci dokar, ta yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a 2018. A Afrilun 2020 Kotun Ƙoli ta juya hukuncin, ta ce ƙayyade wuri daban, hani daban, muddin ƙa'idar ba ta kai ga toshe nomar gaba ɗaya ba.

A ganina kotun ta raba abin daidai a takarda, amma ta bar babban aikin a baya. Ma'aunin gaskiya shi ne ko maganin na isa hannun maras lafiya. Ku ɗauki mai jinyar da ke haya a ɗaki biyu cikin bene, mai gida bai yarda a yi noma ba, kasuwa kuma an rufe masa. Babu wanda ya ce masa "an hana", amma an ba shi rijiya ne an riƙe guga. Wanda ya mallaki gida mai gareji kuwa bai ji komai ba. Haƙƙin da ƙuri'ar jama'a ta bai wa kowa ya koma na masu gidan kansu.

Masu kare ƙananan hukumomi za su ce tsara gari aikinsu ne tun asali, kuma maƙwabta ma suna da haƙƙi: wari, fitilun da ke zuƙe lantarki, danshi, barazanar gobara da ɓarayi. Wannan gaskiya ce, ban raina ta ba. Sai dai hujjar ta fi sukar dokar Bairon fiye da kare ta. Mai jinyar da shi ma maras lafiya ne na iya riƙe shuka 72. Wane mai tsara gari ne, in tsaro ya dame shi, zai kori irin wannan noma daga ginin da aka yi wa wayoyin lantarki na sana'a, ya cusa ta tsakanin gidajen da yara ke kwana? Za a kuma ce an tsare ta a gida ne don kada jinya ta rikiɗe kasuwanci, tunda wata dokar jihar ta 2016 ta kafa gonaki da shaguna masu lasisi, ta bar wa kowace ƙaramar hukuma zaɓin karɓarsu. To, ai iyakar mutum 5 da shuka 12 ita ke wannan aikin, kuma tana nan ko a ina aka yi nomar.

Gyaran na hannun majalisar jiha, ko da yake ba shi da sauƙi: tsarin mulkin Mishigan na buƙatar kashi uku cikin huɗu na kowane zauren majalisar kafin a taɓa dokar da jama'a suka kafa da ƙuri'arsu. Kafin a samu hakan, duk ƙaramar hukumar da ta ƙayyade wuri, a kanta ya kamata a ɗora nauyin nuna wa kotu inda mai jinya ɗan haya zai yi nomarsa a garin. In ta kasa nunawa, dokarta hani ce, kuma hukuncin 2014 ya hau kanta.