Wa Zai Biya Kuɗin Maganin Yaro?

Jawabi a taron jubili, a kan aikin likitan yara da kuɗin jiyya



Ranar jubili rana ce ta ƙidaya. A kan ƙidaya majami'u da makarantu da ɗakunan magani, a yi godiya. Mu kuwa an ce mu yi magana a kan yara marasa lafiya da masu duba su. Tambaya ɗaya muka zo da ita, watau idan yaro ya kwanta ciwo, wa zai biya kuɗin maganinsa?

Kada ku ga kamar tambayar ƙarama ce. Babba idan ya ji ciwo ya kan sayar da akuya ya shiga mota. Yaro ba shi da gona, ba shi da aljihu, ba ya jefa ƙuri'a, balle a ji tsoronsa a majalisa. Ga shi kuma ciwonsa ba ya jira. Gudawa ta kan tsotse jariri cikin kwana biyu. Zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani daga tsakiyar damina zuwa kaka, daidai sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba. Sau da yawa maigida ya tafi neman kuɗi Kano ko Ikko, ko ya bi ta Agadas har Sabha a ƙasar Libiya, ya bar uwa tana jiran izini da jiran aike. Kafin su iso, ciwon da kuɗi kaɗan za su warkar ya zama na kwanciya asibiti.

Mafarin aiki

Likita Miller na mishan ɗin C.M.S. ya zauna a birnin Zariya a 1905, daga baya mishan ya koma Wusasa, inda asibitin St. Luke ya ke. A ƙasar Nijar kuwa, mishan ɗin S.I.M. ya buɗe asibitin Galmi a 1950, a kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi, Likita Burt Long shi ne likitan farko. A zamanin nan baiko daga ƙasashen waje shi ya ke riƙe da yawancin aikin. Mutanen da ba su taɓa ganin ƙasarmu ba su suka sayi kwalabe da allurai.

Amma abin da Wusasa ta haifar ya fi gini. Daga makarantarta Likita Barau Dikko ya fito, shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likita. Bayansa sai Likita Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927. Ciwon yara ya zaɓa ya ƙware a kai, har ya koyar da shi a Ikko, kafin ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Ashe yaron ƙauye da aka ba allo da abinci yana iya zama likitan yaran ƙasa duka.

Duk da haka likita ɗaya ba ya isar yara dubu ɗari. Wanda ya nuna mafita shi ne Likita David Morley, wanda ya zo asibitin mishan na Methodist a Ilesha, ƙasar Yarabawa, a 1956. Ya lura yawancin yaran da su ke mutuwa, cututtuka kaɗan ne su ke kashe su: ƙyanda, da zazzaɓi, da gudawa, da ciwon haƙarƙari, da tarin shiƙa, da tamowa. Sai ya buɗe ɗakin duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Nas da ungozoma su za su duba yaro, su ba da magani nan take a kan tebur, sai abin da ya gagare su za su miƙa wa likita. Ya kuma fito da katin awo. Kowane wata a auna yaro a ɗiga a kati, uwa ta tafi da katin gida. Idan layi yana hawa, lafiya. Idan ya tsaya ko ya sauka, an ga ciwo tun bai fito fili ba. Katin nan da ke cikin kwallayenku, iyayenmu mata, asalinsa ke nan.

Uba ya biya

Da aka sami mulkin kai, gwamnatoci suka ɗauki nauyin asibitoci. Amma a cikin shekarun 1980 bashi ya danne ƙasashenmu, ɗakunan magani suka zama fanko. Likita ya rubuta takarda, a ce je ka kasuwa. Saboda haka a 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka shirya cewa mai ciwo ya biya kaɗan, a riƙa juya kuɗin ana sayo wani magani. Nijar ta bi wannan hanya a cikin shekarun 1990.

Dabarar ta yi amfani ta wani gefe, gama magani ya komo kanta. Amma ta wani gefen ta rufe ƙofa. Kuɗin da malamin ofis ya ke gani kaɗan ne, ga talaka a watan Agusta abincin gida ne na kwanaki. Uwa ta kan tsaya ta gwada jiƙo da ƙwayoyin mai talla, sai yaro ya galabaita a kawo shi. A lissafin 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 226 ba su kan kai shekara biyar ba.

Baƙi su biya

A 2004 fari da fara suka ɓata amfanin gona a Nijar. A 2005 akwai gero a kasuwar Maraɗi, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, tamowa ta kama yara ba iyaka. Ƙungiyar MSF, wadda a ke ce wa Likitoci Nagari Na Kowa, ta yi jiyyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a shekarar nan, kyauta. Abin mamaki, yawancinsu ba a kwantar da su ba. An ba uwayensu wani abinci a ƙunshe mai suna Plumpy'Nut, wanda wani likita Bafaranshe, André Briend, ya haɗa da shi da abokin aikinsa a 1996. Gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Ba ya bukatar ruwa ko wuta. Uwa ta ba yaro a gida, ta komo da shi kowane mako a auna. Nan aka ga abu biyu: idan an cire kuɗi uwaye suna zuwa, idan kuma an amince da su suna iya jiyya.

Lalle mun gode wa baƙi. Amma hannun baƙo yau yana nan, gobe ya janye. A 2025 Gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da taimako, USAID, waɗansu ƙasashen Turai kuma suka rage nasu. A cikin wannan shekara MSF ta ba da labari cewa yara 652 sun mutu da tamowa a wuraren jiyyarta na Jihar Katsina cikin wata shida na farko. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Gwamnati ta biya

A 2006, zamanin Shugaba Mamadou Tandja, Gwamnatin Nijar ta yi doka cewa yaro ɗan ƙasa da shekara biyar za a duba shi a ba shi magani kyauta. An kuma gina ƙananan ɗakunan magani wajen 2,000 a ƙauyuka, aka koya wa ma'aikatansu jiyyar zazzaɓi da gudawa da ciwon haƙarƙari. Aka raba gidajen sauro. Uwaye suka yi ta zuwa. A 2009 lissafin nan na 226 ya sauko zuwa 128. Ku dubi wannan da kyau. Cikin kowane yara 1,000, kusan 100 ke nan da dā za a haƙa musu kabari suka tashi suka yi wasa.

Amma ku ji inda gizo ya yi saƙa. Tsarin shi ne, ɗakin magani ya yi jiyya tukuna, sa'an nan ya aika da takardar kuɗi Yamai a biya shi. Biyan ya riƙa makara watanni, har shekaru, bashin ya taru ya kai biliyoyin sefa. Da ɗakin magani ya ƙare abin da ke kanta, ba shi da abin sayen wani. Sai a duba yaro kyauta, a ba uwa takarda ta je ta saya. Malamin asibiti ya sha zagi a kan laifin da ba nasa ba. Doka mai kyau ce, amma alkawari kaya ne. Kyauta ba ta nufin ba wanda ya biya, tana nufin wani ya biya a madadin yaro, ya kuma biya a kan lokaci.

Har wa yau, a watan Afril na 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin gwamnati domin lafiya. Kaɗan ne ƙwarai suka cika.

Likitan yara

Kada mu manta da mai aikin kansa. Yaro ba ƙaramin babba ba ne. Maganinsa da awon nauyinsa a ke ba shi. Ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, sai likita ya karanta numfashinsa da idonsa da maɗigarsa. Neman jijiya a hannun jaririn da gudawa ta busar, aiki ne na gwani. A Nijeriya mutum ya kan yi shekara shida a makarantar likita, sa'an nan ya ƙara wajen biyar ko shida kafin a kira shi likitan yara. Bayan wannan wahala duka, masu zuwa wurinsa su ne mafi rashin kuɗi cikin jama'a. Don haka yawancin likitocin yara suna manyan birane, da yawa kuma sun tafi Ingila da Amurka da ƙasar Makka. Ba mu zarge su ba. Likita shi ma yana da iyali, kuma babu abin da ke karya zuciyarsa kamar ya san magani, ya duba kanta ya ga babu.

Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara ne da ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Nijeriya daga 1985 zuwa 1992. Ƙarfinsa ya sa a kan ɗakin magani na ƙauye, da allurar rigakafi, da ruwan gishiri da sukari. Ya san mafi yawan yara a gida da ƙauye a ke ceton su, ba a babban asibiti ba.

Namu rabo

To, 'yan'uwa, me ya rage mana?

Na fari, kowace Ekklesiya ta buɗe asusun yara marasa lafiya. A zuba da kaka, sa'ad da hatsi ya ke hannu, a ajiye domin damina. A sa amintattu biyu su riƙe, su karanta lissafi a gaban jama'a. A taimaki yaron maƙwabci ba tare da tambayar addinin ubansa ba, gama zazzaɓi bai tambaya ba.

Na biyu, ku magidanta, kafin ku yi tafiya ku bar izini da ɗan kuɗi a hannun uwargida. Ku ce mata, idan jikin yaro ya yi zafi, ko numfashinsa ya yi sauri, ko ya ƙi nono, ta tafi asibiti a ranar, kada ta jira ku.

Na uku, ku iyaye mata, ku riƙe kati, ku cika alluran rigakafi. Maganin hana zazzaɓi da a ke rabawa wata wata da damina, ku ba yara har ƙarshe. Idan gudawa ta zo babu ƙunshin asibiti a kusa, ku sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, da sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Ku riƙa ba shi kaɗan kaɗan, ku ci gaba da nono, kuna kan hanya.

Na huɗu, mu tura 'ya'yanmu maza da mata su koyi aikin nas da ungozoma da likita. Idan sun komo mu riƙe su da mutunci, mu taimake su da masauki, don su zauna.

Na biyar, mu buɗe baki. Idan mai neman ƙuri'a ya zo, mu tambaye shi da ladabi: nawa aka ware wa ɗakin maganinmu, yaushe aka biya? Mai biyan haraji yana da ikon tambaya, yaro kuwa ba shi da bakin da ya wuce namu.

Waɗanda suka riga mu sun gina da kuɗin mutanen nesa. Jubili mai zuwa, za a tambayi abin da muka gina da namu. Allah ya ba masu mulki zuciyar cika alkawari, ya ƙarfafa hannun masu jiyya, ya raya mana yaranmu. Amin.